Na Je Riyad Cire Ƙarar Injin Markaɗe

Asubar Laraba muka bar Kano, ni da ƙanena da ke tuƙi a wani kamfani a Riyad. A aljihuna akwai filashi ɗauke da bidiyon ƙarshe na marigayi Babanmu. Yana magana a tsakar gida, amma injin markaɗen maƙwabta ya danne rabin maganar. Haɗa sautin fim ne sana'ata, amma ƙarar nan ta gagare ni. Ƙanena ya ce ya san wani mai situdiyo a can.

Riyad gari ne na titi a kan titi. Sau uku ina rantsuwa gadar ɗazu muka sake hawa. A unguwar Dira muka ci kabsa, shinkafa da rabin kaza, riyal ashirin da biyar. Ina juya shi zuwa naira kazar ta daina daɗi.

Mai situdiyon Bahaushe ne haifaffen can, Hausarsa tana ɗingishi. Ya kalli bidiyon sau biyu, ya ce, "Bukra, gobe ke nan, in sha Allah. Yau zo mu je kallo."

Wani ƙaramin zaure ya kai mu, ana nuna tsohon fim ɗin Faransa, irin wanda samarinsu suka riƙa ɗauka a kan titi tun kafin a haife ni. Nan kaina ya ɗaure. Kiɗa ya taso, ya ɗauke ɗif a tsakiya. Mace tana magana, ƙeyarta ake nuna mana. Saurayi ya buɗe baki zai faɗi abin da nake jira, mota ta wuce ta kwashe maganar. Na miƙe na sami mai tsaron ƙofa, ina yi masa nuni a duba wayar sifika. Ƙanena ya janyo rigata. "Yaya, don Allah zauna, haka abin yake!"

A waje na tambayi mai situdiyon, "Wai da gangan suka ɓata?"

"Aiwa, da gangan. Da ba ka ji shi ba, ai fuskarsa ka kalla, ko?"

Ita kuwa na kalla. Washegari ya ce zai iya cire injin, amma muryar Baba za ta koma kamar ta cikin gwangwani. Na ce zan yi tunani, na karɓi filashina.

Har na sauka Kano ban gane fim ɗin ba, kuma ban san ko wauta na yi ba. Na kunna wa Inna bidiyon yadda yake. Daidai inda injin ya taso, inda na saba rufe ido in kasa kunne, sai ta ce, "Ka gan shi, dariya yake yi. Kullum sai ya yi wa injin nan tsiya."

Shekara biyu ina sauraren wurin nan, ban taɓa sanin dariya yake yi ba.