Musbahu Siyasa da Ruwan Gyaɗa

Idan ka sauka daga motar Managil a Hillat Bagobiri ka ce Musbahu kake nema, za a tambaye ka wanne. Akwai Musbahu mai gyaran rediyo, akwai Musbahu Gurgu wanda ƙafafunsa lafiya lau, sai kuma Musbahu Siyasa. Wannan na ƙarshen shi ne ɗan Baba Ɗanjuma: dogo, siriri, da tabarau. In yana tafiya a bakin tur'a, babbar magudanar ruwan noma, sai ka rantse balbela ce ta ci jarrabawa.

Tun yana ƙarami bakinsa ba ya hutawa. Rediyon babansa ma bai tsira ba, mai labarai yana faɗa yana ba shi amsa. Da ya gama sakandare aka ɗauke shi jami'a a Khartum, ya zo ya sanar da mutanen gida a ƙarƙashin rumfa.

"Mi za ka karanta?" in ji kakarsa, Habboba Indo, tana kishingiɗe a angarib, gadonta na igiya.

"Ulum siyasiyya, Habboba. Ilimin siyasa."

To a Hausar tsofaffin ƙauyen, siyasa ba ruwanta da gwamnati. Siyasa ita ce lallashi, ka bi mutum a hankali har ya sauko. Ana yi wa jariri siyasa ya sha magani, ana yi wa saniya siyasa ta tsaya a tatse ta. Habboba ta tashi zaune.

"Lallashi za ka tahi koyo har Khartum? Zamna nan in koya maka. Kakanka da ya ɗara jaki taurin kai, wa ya lallashe shi har ya koma ga Allah?"

Ita kuwa Inna Rabi'atu, mahaifiyarsa, aikin da za a samu ne damuwarta. Musbahu ya gyara tabarau ya shiga lissafi. Mutum zai iya zama jami'in mulki a mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, zai iya aikin jarida, zai iya koyarwa, zai iya shiga munazzama, ƙungiyar agaji irin masu yawo da farar mota. Amma shi burinsa ma'aikatar waje, ya zama jakada.

"Waje?" Inna ta aje ludayi. "Duk karatun ga, kuma a waje za su aje ka cikin rana? Ai babanka ma a waje shike aiki, bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba. Ka roƙe su su ba ka ta ciki."

Haka ya tafi. Ya yi shekarunsa yana cin ful, dafaffen wake, da burodi safe da yamma, ya dawo da shahadar digiri a cikin gilashi da kwat mai ruwan toka wadda ko a zafin bazara ba ya tuɓewa. Ya nemi aiki a nan, ya nema a can, ko'ina sai a ce ya ɗan jira. Ya zauna jira.

Mutanen ƙauye ba su ga dalilin da zai sa ilimi ya zauna haka banza ba. Nasiba maƙwabciya ta kawo ɗanta da ya ƙi yaye, ta ce ustaz ya yi masa siyasa. Wani mai karo, amalanken jaki, ya jawo shi har bakin gada inda jakinsa ya toge. Musbahu ya tsaya gaban jakin ya yi masa bayanin haƙƙi da wajibi, da abin da ɗan ƙasa yake bin hukuma da abin da hukuma take binsa. Jakin ya kasa kunne sosai, ya ma fi 'yan ajinsu natsuwa. Bai dai motsa ba. Tun ranar sunan ya bi shi.

Ana nan sai maganar ruwa ta taso. A mashru'in Jazira, babban aikin noman ban-ruwa na yankin, gonar mutum hawasha ake ce mata, ruwa kuma yana fitowa daga tur'a ya shiga wata 'yar magudana mai suna Abu Ishrin, ya bi hawasha bayan hawasha. Ta Haj Abdulmuttalib ce a farko, ta Baba Ɗanjuma ce can a wutsiya. Da can abokai ne. Abin da ya raba su, a wata walimar suna Baba Ɗanjuma ya dubi rawanin Haj ya ce, "Wa ya manta ƙunshin wanki bisa kan bawan Allah ga?" Jama'a suka fashe da dariya har liman ya ƙware. Haj ya ƙulla abin a ransa. Da gyaɗa ta fara fure, ya ɗauki fartanya ya jibge laka a Abu Ishrin daidai ƙarshen gonarsa. Sauran manoma ya riƙa sakar musu kaɗan-kaɗan, amma kafin ruwan ya kai wutsiya ko kwaɗo ba zai jiƙa ƙafa ba.

Gyaɗar Baba Ɗanjuma ta fara naɗe ganye, ƙasar ta tsage har hannun mutum na shiga. Ya kira ɗansa bakin gona.

"Ustaz, ka gani?"

"Na gani, Baba. Wannan a ilimance rikicin albarkatu ne tsakanin…"

"Halas, ya isa. Ranar kasuwa lorin kawunka Sharfuddeen za shi tahi arewa wurin haƙar dahab, wato zinariya, kuma shina neman mai ɗaukar buhu. In ruwa bai shiga gonar ga ba kahin nan, gyaɗa ta mutu, kai kuma ka hau lori. Ba siyasa ka karanta ba? Ga ta nan, yi."

Musbahu ya dubi hannuwansa, waɗanda ko tulu suka ɗauka sai sun yi kanta, ya tuna labarin ramukan nan da zafinsu. Ya kakkaɓe kwat ya nufi gidan Haj.

Haj Abdulmuttalib ya karɓe shi da kyau, ya sa aka kawo jabana, gahawa mai citta. Musbahu ya yi masa jawabi a kan haƙƙin ƙasashen da ke ƙasan kogi da zaman lafiyar maƙwabta, ya haɗa da Larabci mai nauyi. Haj ya shanye kofinsa ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. Ka ce ma ubanka ƙunshin wanki na gaishe shi."

Sai dai kafin ya fita, tsohon ya shiga ƙorafi shi kaɗai. Shi da ya je hajji, shi da ya fi kowa shanu, ko kwamitin masallaci ba a taɓa sa shi ba. Ko riƙon makullin buta ba a ba shi ba. Musbahu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Wannan ciwon na son muƙami ya san shi, sun yi shekara guda cur suna karanta shi.

Ranar kasuwa da hantsi ya tara duk manoman Abu Ishrin a gindin dalbejiya. Ya ce zamani ya wuce da za a bar ruwa ba hukuma, dole a kafa lajna, wato kwamiti, kuma lajna sai da ra'is, shugabanta. Ya kawo sunan Haj. Aka ce mai goyon baya ya ɗaga hannu, Haj ya ɗaga biyu. Nan take kowa ya ce shi fa? Musbahu ya shiga rabo. Wannan mataimaki, wancan mataimakin mataimaki, Bilyamin kurma ya zama kakakin lajna, wani ya samu kula da harkokin kwaɗi. Baba Ɗanjuma na gefe ya haɗe rai kamar an ba shi shayi ba sukari.

"Baba, kai ne mu'arada."

"Mi ke nan? Cuta ce?"

"Shugaban adawa. Duk abin da ra'is ya faɗa, ka miƙe gaban jama'a ka ce ba ka yarda ba. Kuma ba shi da ikon yin fushi."

Idon tsohon ya buɗe. "Har rawanin ina iya taɓawa?"

"Rawanin ma yana cikin tsarin mulki."

"Kai, Allah shi yi ma jami'ar ga albarka."

Haj ya miƙe, ya gyara rawani, ya yi gyaran murya irin na rediyo. Ya ce a matsayinsa na uban kowa, umarninsa na farko shi ne a fasa lakar nan, ruwa ya tafi har wutsiya, kuma hawashar ɗan'uwansa Ɗanjuma za a fara shayarwa. Aka yi tafi. Musbahu ya ji kamar an sauke masa buhun dahab ɗin daga ka.

"Ban yarda ba!"

Kowa ya waiga. Baba Ɗanjuma ne tsaye, yana nuna sama da yatsa.

"Baba," in ji Musbahu ƙasa-ƙasa, "ruwanka ne fa."

"Ko madara ce. Kai ka ce duk abin da ya faɗa. Ni ba a ba ni aiki in yi ha'inci."

Ya saɓa fartanya ya wuce. Kafin ruwan da aka saki ya gangaro, ya riga ya tara tasa lakar a bakin gonarsa, ya hau kai ya zauna, ya harɗe ƙafa. Ruwa ya iso ya tsaya a bayansa yana juyi. A gabansa gyaɗa na mutuwa. Daga cikin ƙauye kuwa ana jin Kawu Sharfuddeen yana danna hon, ya gama ɗaure jarkoki.

Musbahu ya koma wurin Haj a guje, kwat na tashi a bayansa.

"Ya ra'is, ka janye umarnin. Ka hana shi ruwan."

"A ranata ta farko? Mutane su ce ni azzalumi ne?"

"Ai shugaban da bai taɓa yin dokar da aka karya ba, ba wanda zai san yana da doka. Ka faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Sauran ka bar mini."

Haj ya auna maganar. Faɗar baƙar magana ga Ɗanjuma a gaban jama'a, kuma da sunan hukuma, ba abin da zai bari ya wuce shi ba ne. Ya taho da duk lajna a bayansa, har mai harkokin kwaɗi, ya tsaya a kan gaɓa.

"Jama'a ku shaida! Ni ra'is na hana hawashar Ɗanjuma ruwa. Ko ɗigo kada ya shiga sai ranar da na ga dama. Lakar da shike zaune bisa, ta hukuma ce, kada wanda ya taɓa ta!"

Baba Ɗanjuma ya diro kamar kunama ta harbe shi.

"Kai wa? Kai da wa? Ban yarda ba! Gonata ce, kuma yanzun ga za ta sha, in ga wanda za shi hana!"

Sara uku ya yi lakar ta ɓare. Ruwa ya kwarara cikin kunyoyi, ƙasa tana ƙara tana haɗiya. Tsohon ya bi shi yana buɗe masa hanya, laka har gwiwa, yana waiwayen Haj yana jifansa da maganganu a kan rawani. Haj kuwa sai murmushi yake yana ɗaga wa jama'a hannu, don an gaya masa haka manya suke yi.

Kawu Sharfuddeen ya gaji da hon ya ja lorinsa. Musbahu bai hau ba. Yanzu yana koyarwa a sakandaren da ke kusa, ranar da ba makaranta kuma manoman wasu ƙauyuka sukan aiko masa da karo ya je ya kafa musu lajna. Kafin ya kafa, yakan fara tambaya wa ya fi kowa rigima a wurin.

Amma a ranar, yana tsaye a bakin gona yana matse ƙafar wando, babansa ya kira shi daga tsakiyar ruwa.

"Ustaz! Yaushe za a sake zaɓe?"

"Sai baɗi, Baba. Kana son ka tsaya takarar ra'is?"

"Allah shi kiyaye. So nike in san ranar, in tabbata ban ci ba. Kujerar ga tawa ba ni ba kowa."