Ranar da Na Kusa Feshe Arzikina

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ina jin ranar da taubashina ya riƙe min famfon feshi a bakin gona ba za ta fita daga kaina ba.

Gonar ta gado ce, a gefen fadamar ƙauyenmu tsakanin Ajingi da Gaya. Bayan rasuwar mahaifinmu ciyawar kirikiri ta cinye ta kaf. Duk manomi ya san wannan annoba, ka nome ta yau, jibi ta tofo, don saiwarta ta ƙarƙashin ƙasa take bi. Na shuka gyaɗa ta shaƙe ta, na gwada gero, shi ma haka. Yayana da ke zaune a Kano ya ce ya gaji, a sayar a raba, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa a gonar nan na koyi riƙon fartanya, zuciyata ba za ta iya ganin wani a cikinta ba. Na roƙe shi damina ɗaya, ya yarda da ƙyar.

Na sayo maganin ciyawa mai ƙarfi, na haɗa, na goya famfo. Zan fara ke nan sai ga ɗan gwaggona, direban bas mai jigila daga Ajingi zuwa Kano. Abokin wasana ne, tun muna yara bai taɓa yi min magana babu tsokana a ciki ba.

"Bawana, dakata," in ji shi. "Arzikinka za ka kashe."

"Kauce min, rana tana yi."

Ya ce a birni akwai filin golf, wato ƙwallon lambu, inda manya ke dukan ɗan farin ƙwallo da sanda suna binsa har ya faɗa rami. Wai ya ɗauko mai kula da filin a motarsa, ya ji yana neman kirikiri ido rufe, don ita ce ke shimfiɗuwa kamar tabarma, ta jure taku da rana.

Na yi dariya har maganin yana kaɗawa a bayana. Na ce, "Wato attajirai za su sayi abin da na sayo wa guba? Nemi wani ka yi wa."

Na danna famfo, sai ya damƙe bakin ƙarfen da hannunsa. Ni mutum ne mai saurin hawa, saura kaɗan in ture shi. Amma da na dubi fuskarsa babu alamar dariya.

"Wallahi yau ba wasa nake ba. Ka ba ni zuwa Juma'a. In ƙarya ce, ni zan feshe maka ita."

Na sauke famfon ina ƙunƙuni. Kafin Juma'ar sai ga shi da mai kula da filin. Mutumin ya tuɓe takalmi ya zaga gonar, ya tona da wuƙa ya duba saiwa, sannan ya tambaye ni, "Malam, an taɓa yi mata feshi?" Na ce a'a. Ya ce da an yi, ko kyauta ba zai ɗauka ba. Nan take muka yi ciniki, ya saya.

Abin da ya biyo baya ya wuce gidanmu. Samari suka samu aikin yankan ciyawar da shebur, a ɗago ta da ƙasarta falle-falle. Masu kurkura, babur ɗin dako mai ƙafa uku, suna fitar da ita bakin titi, motoci su wuce da ita Kano. Filin yana son taki, Fulanin rugar da ke bayanmu suka fara sayarwa. Har mai ƙosan unguwarmu ta dawo da kaskonta bakin gona. Ga shi in an yanka an bar saura, sai ta sake rufe wurin, har masu gyaran harabar gidaje suka san hanyarmu.

Da yayana ya zo bayan kaka, ya same ni ina ba kirikiri ruwa. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce, "Ƙanena, gonar Baba ba ta sayarwa ba ce." Na juya masa baya don kada ya ga hawayena.

Har yau ban taɓa ganin ana buga golf ba, amma na gode wa Allah, na gode wa ɗan gwaggona. Na koyi cewa kafin ka kashe abin da ya dame ka, ka tambaya ko akwai mai nemansa. Da na bi zuciyata a safiyar nan, da yau ta bakin gonar ubana nake wucewa ina yi wa mai ita sannu da aiki.