Sunayen Da Na Naɗe Ƙosai A Ciki

Tsufa ya fara ƙwace mini abubuwa. Sai in yi ta neman tabarau alhali yana bisa kaina, in kira jika da sunan 'yar'uwarta. Amma akwai wata safiya guda da na san ba za ta bar raina ba har ranar da za a sa ni a ƙasa, safiyar da wani dattijo ya tsaya a gaban kaskona a Dutse Uku, nan Jos, yana tambayar gidan Baba Akawu. Zan ba da labarin yadda ya faru, kuma ba zan gyara kaina a ciki ba, domin ni ce mai laifin.

Baba Akawu surukina ne, mahaifin maigidana. Ya yi aikin akawu a barikin kuza tun yana saurayi, a zamanin babban yaƙin Turawa, lokacin da ake kwaso mutane daga ƙauyukan Arewa a kawo su nan haƙar kuza, ko suna so ko ba sa so. Ɗiban gwamna ake kiran abin. Mu da muka taso daga baya, abin da muka tarar na wancan zamani shi ne manyan kududdufai da tsibin jar ƙasa a hanyar Bukur, sai kuma tsofaffi masu tari. Baba ba mai yawan magana ba ne. In sanyi ya tsananta yakan fito rana ya zauna, ya ce, "Wannan sanyi ya ci mutane." Ni kuwa ban taɓa tambayarsa su wa ya ci ba. Ina da tuya a gabana.

Da Allah ya yi masa rasuwa, ya bar wani akwatin ƙarfe. Aka buɗe, ba komai a ciki sai takardu, sun yi ja don tsufa, an ɗaure su ƙulli-ƙulli da zare. Maigidana direban babbar mota ne, mako biyu yana hanya, kwana biyu yana gida. Ya leƙa sau ɗaya ya ce tsofaffin takardun kamfani ne, aka tura akwatin ƙarƙashin gadona. A lokacin ban san ko harafi ɗaya ba. A wurina takarda iri biyu ce: mai shan mai da mara shan mai. Wata rana tsofaffin jaridun da nake naɗe ƙosai da su suka ƙare, na jawo akwatin, na tsinke zare ɗaya. Takardun Baba kuwa masu kauri ne, suna shan mai ba sa yagewa. Na ji daɗinsu ƙwarai.

Akwai maƙwabciyata, 'yar ƙabilar Ibo, tana da shagon kayan masarufi daura da ƙofarmu. Madam muke ce mata. Kullum da safe takan sayi ƙosai ta haɗa da kamu. Wata rana ta dawo da takardar a hannunta, ta ce, "Maman yara, wannan takarda ba na banza ba ne fa. Akwai suna na mutane a ciki, da gari nasu."

Ni kuwa bakina ba ya jira. Kuma gaskiyar magana, ba abin da ke sosa mini rai a wancan lokaci kamar a nuna mini an iya karatu ban iya ba. Na ce, "Madam, ƙosai na sayar miki ko jarida? In karatu kike so ki tafi makaranta, ki bar ni in yi tuyata." Mata suka yi dariya, ni ma na ji na yi bajinta. Ta dube ni, ta ninke takardar, ta koma shagonta. Ba ta sake tayar da maganar ba. Na ci gaba da yaga har damina ta zagayo, sai da leda ta cika gari sannan na daina. Abin da ya rage a akwatin bai kai rabi ba.

Shekaru suka wuce. Ina da jikoki biyu na shiga makarantar yaƙi da jahilci a Tudun Wada, saboda na gaji da kai wa mutane takardar asibiti su karanta mini ciwon jikina. An sha yi mini dariya a unguwa, na rama da baki, na ci gaba da zuwa. Bayan shekara biyu ina iya karatu, ko da yake sai na bi da yatsa. Amma akwatin nan bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Ranar da dattijon ya zo, an wayi gari da yayyafi, irin mai shiga ƙashi. Ya haura sittin, da 'yar jakarsa a rataye, rigarsa kuma ba ta sanyin Jos ba ce. Ya yi sallama, ya ce an kwatanta masa gidan a masallaci. Na ce Baba ya daɗe da rasuwa, maigidan kuma yana hanya. Ya yi masa addu'a, ya tsaya bai tafi ba. Na ba shi benci a zaure, na zuba masa koko mai zafi.

Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya fito. Ya ce yana cikin cikin uwarsa aka ɗebi mahaifinsa zuwa kuza. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba. Wani ya ce ya mutu, wani ya ce an gan shi a Jos ya yi sabon aure ya manta da gida. Uwarsa ta yi shekaru tana duban hanya. Sai kwanan baya wani tsoho da suka tafi tare, yana kan gadon ajali, ya ce shi an raba su bariki tun farko, bai sani ba, amma akwai wani yaron akawu da yake rubuta sunan duk wanda ya mutu, da garinsu, da inda aka binne shi. Ba kamfani ya sa shi ba. Shi ya ga ana zuba mutane a rami ba mai sanar da danginsu, ya ce wata rana wani zai zo tambaya.

"To ga ni na zo, Hajiya," in ji shi. "Tsohuwata tana nan da rai, amma ta yi nisa. Ta ce kafin ta tafi tana so ta sani, addu'ar mamaci za ta yi masa, ko yafe masa za ta yi."

Matsamin tuya na hannuna. Na ajiye shi. Na sauke kaskon ban gama ba, na shiga ɗaki na jawo akwatin.

A zauren nan na fara karanta rubutun Baba, karo na farko a rayuwata. Hannunsa mai kyau ne, a tsaye, kowane shafi da lambarsa a sama. Suna, sunan uba, gari, sannan abin da ya kashe mutum: tari, gudawa, ƙasa ta rufta, sanyi. Sanyi, sanyi, sanyi. Sai a lokacin na gane abin da tsohon yake nufi in ya fito rana. Ina bi da yatsa, ina kiran garuruwa da ƙarfi, dattijon yana saurare idonsa a rufe. Muka ƙare ƙulli na farko, na biyu, na uku. Ba ƙauyensu. Lambobin kuma sai tsalle suke yi, daga wannan shafi a faɗa can gaba.

Ya ce, "Kamar akwai waɗanda suka ɓata. Gara ce?"

Da na ce gara ce, da ya yarda. Wallahi kalmar ta zo har bakina. Amma ni da na yi suna wajen gaya wa mutane gaskiyarsu a fuska, ba zan ɓoye tawa ba. Na ce, "Malam, ba gara ba ce. Ni ce. Ƙosai na naɗe da su. An gaya mini sunayen mutane ne, na zagi wadda ta gaya mini."

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo, sannan ya ce, "Allah mai iko." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ashe Madam tana jin mu, don zauren a buɗe yake. Ta shiga gida. Can sai ga ta da wani tsohon gwangwanin biskit, ta ajiye a gabana ta buɗe. Takardun Baba ne, a miƙe, an danne su sun kwanta, mai ya ratsa su har ana ganin haske ta ciki. Duk wadda aka naɗe mata ƙosai da ita, ba ta yar ba. Har na abokan cinikinta, in sun ci a shagonta, takan karɓe.

Ta ce, "Baba nawa ma ya yi aiki a wannan kuza, makaniki ne. Ni ba na iya jefa suna na mutum a bola."

Ban iya ɗaga kai na dube ta ba. Muka zauna mu uku, ita tana miƙo shafi, ni ina karantawa. Har yanzu in na tuna ina jin warin tsohon man gyaɗa. A wani shafi da ya fi kowanne shan mai, can ƙasa, na ga sunan ƙauyensu. Mutum uku ne a jere, duk 'yan garin, duk an binne su bayan wani bariki a wajen Barikin Ladi. Na karanta na farko, ya ce, "Allahu akbar, gidansu na kallon namu." Na biyu, ya ce jikokinsa ne ke noma gonar bakin rafi. Na uku ya san ƙanwarsa. Sunan mahaifinsa babu. Layi na ƙarshe ke nan a shafin. Muka nemi shafi na gaba a gwangwani, muka nema a akwati, muka sake dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya nan. Wani ya ci ƙosansa a ciki, ya goge hannu, ya yar a kwata shekaru da suka wuce. Ko sunan na ciki, ko ba ya ciki, Allah kaɗai ya sani.

Dattijon ya roƙe ni in kwafe masa sunayen ukun nan. Na yago takarda daga littafina na makaranta, na rubuta da hannuna mai karkata, harafi bayan harafi. Ya ninke ya sa a aljihun ƙirji, ya ce, "Gida uku za su san inda nasu yake. Ban yi zuwan banza ba."

Na raka shi bakin titi. Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, ita tsohuwar fa, me za ka ce mata?"

Ya gyara ratayar jakarsa. Ya ce, "Zan ce ta yi duka biyun. Ta yafe masa, ta yi masa addu'a."

Na dawo na wuce kaskona, na shiga shagon Madam. Ban taɓa ba kowa haƙuri a gaban jama'a ba sai ranar. Ta yi dariya ta ce, "Maman yara, ke ce kin ce a tafi makaranta, ga shi ke kin tafi." Daga baya muka haɗa nata da nawa, na kwafe su duka a sabon littafi. Wata huɗu na yi ina yi. Duk inda lamba ta yi tsalle, na bar shafi fari, ban rufe gurbin ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa matan da ke shiga ajinmu yanzu. Rashin karatu ba shi ya yaga takardun nan ba, don Allah ya aiko mini da mai karatu har bakin kasko. Girman kai ne ya yaga su. In ka ga abin da ba ka sani ba, kada ka ce shara ne don kawai kai ba ka gane shi ba, ka tambaya. In kuma tsoho ya ce sanyi ya ci mutane, ka ajiye abin da ke hannunka, ka zauna kusa da shi, ka ce, "Baba, su wa?"