Tururuwa cikin dakashi

Shekarar da fari ya ƙone mana gero a ƙauyenmu na kusa da Dogarawa, ina goyon ɗana na fari, nonona kuwa sai ja da baya yake yi. Yaro ya tsotsa ya tsotsa, ya saki ya fashe da kuka. Mijina ya tahi cin rani, gida ya rage daga ni sai uwarshi. Ita ta yanke magana: in ba a samu abin ba yaron nan ba, Illela za a kai shi wurin ƙanwar mijina, wadda ke shayarwa lokacin. Ɗan fari ne, ba a son a ga kin damu da shi.

Tunkiya guda ta rage mani, da ciki. Na ce in Allah ya sauke ta lafiya mu raba nononta, ɗanta rabi, nawa rabi. Ciyawa babu, karan dawa ma ɓoyon shi ake yi. Sai na riƙa zuwa gidan wata mai ƙuli-ƙuli ina taya ta matsar mai, ita kuma ta sallame ni da tunkuza. Ni da ke yini da yunwa, iyakata in lashi yatsa. In jiƙa tunkuzar, in haɗa da anguriya, in tsaya kan tunkiyar nan har ta suɗe ƙwarya. Jikinta ya yi sheƙi, hantsarta ta cika har tana tafiya a tale.

Ta haihu wata safiya, namiji, ya miƙe da kanshi yana laluben nono. Dakashin, nonon farkon nan, ya fito da kauri, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Uwar mijina ta janye ɗan, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Ta yi wa dakashin gwajin da ake yi wa nonon mai jego: a tatsa cikin ludayi a jefa tururuwa, in ta fita nono lafiya lau, in ta kasa mugu ne. To, ina tururuwa za ta fita cikin abu mai danƙo haka? Ta ɗan yi mutsu-mutsu, ta liƙe.

"Kin gani ko? Kin ɗura mata mai, kin mai da nono dafi."

"Inna, a bar shi ya sha ko kaɗan ne."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗaure hantsar da tsumma, kullum a tatse a zubar bayan danga, ɗan kuwa ana ɗura mashi ruwan kunu. Ba mugunta ba ce, haka aka yi mata, haka ta yi wa nawa nonon sa'ad da na haihu. Amma har gobe in na tuna abin da na yini da yunwa don shi yana malala cikin ƙasa, raina ɓaci yake yi.

Zawo ya kama ɗan tunkiyar, bai kai mako ba ya mutu. Uwar ta yi ta kuka tana zagaye turke, in na kai hannu sai ta riƙe nonon ta harbe ni. Bafillatanar da ke kawo mana tallan nono ta ce su dakashi mai kaurin nan suke nema, shi ke tsai da ɗa bisa ƙafafunshi. Na ji ta, maganar ba ta da sauran amfani. Hantsar ta kumbura ta yi zafi, daga nan ta ƙafe.

Ƙanwar mijina ta zo ta goya yaron. Aka ce kada in raka su ko bakin ƙofa, abin kunya ne. Na zauna cikin ɗaki ina jin kukanshi har ya ɓace mani.

Sai bayan an yaye shi na samu zuwa Illela. Yana tafiya, ya yi ɓul-ɓul. Na durƙusa na miƙa mashi hannu, ya ruga ya ɓoye bayan zanin ƙanwar mijina yana leƙo ni. Ta yi dariya ta ce mashi:

"Fito mana, gai da baƙuwa."