Amanar Hajiyar Madaras

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana. Wata rana in ce tonon asirin mamaciya ne, wata rana in ce ai nawa asirin zan tona, nata Allah ya riga ya rufa shi a maƙabartar Ma'ala. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce in rubuta, ɗaya ya ce in yi shiru in yawaita istigfari, na dawo gida da damuwar da ta fi wadda na fita da ita. Yanzu da ƙafafuna ba sa kai ni Harami sai an tura ni a keke, na ga in ban faɗa ba zan tafi da amanar mutane a wuyana. Ba zan kama sunan kowa ba.

A Makka aka haife ni, a unguwar Jarwal, cikin Takaru, wato mutanenmu da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna. Sana'ar gidanmu wanki ce, na tufafi, da kuma wankan gawa. Gwaggona, yayar babana, ita ake kira in mace ta rasu a unguwa, kuma a hannunta na koya. Lokacin da abin nan ya faru ina da aure da 'ya'ya biyu, ana cikin rushe gidajen da ke gefen Safa da Marwa don a faɗaɗa Harami, ƙura ta hana mu shanya a fili.

Ina yi wa wani rubaɗi wanki a Misfala, wato gidan wakafi da ake ajiye matan da suka zo Hajji suka zauna, ba miji ba ɗa. Matan Malibar ne a ciki, daga ƙasar Indiya. Duk safiya in na shiga sai in tarar sun kewaye faranti guda suna cin shinkafa, ban da wata gajeriyar tsohuwa mai tabo a girar hagu, tana can bakin ƙofar ɗakinta da ɗan kwanonta. Hajiyar Madaras suke ce mata, ba da daɗin baki ba.

Ita ta fara tsokanata. Ta gan ni ina ɗauraye mayafi guda sau bakwai, saboda ni tun ina yarinya ba na yarda najasa ta fita.

"Ya binti, mayafin nan ya tuba," in ji ta da guntun Larabcinta. "Ki sake shi haka nan."

"Hajiya, ban tabbata ba ne."

"Ke ko a Aljanna sai kin tambaya ko an wanke ƙoramar."

Na yi dariya, sannan na kwana ina tunanin ko dariya a kan Aljanna laifi ce. Amma daga ranar muka saba. Ita Larabcinta na kasuwa, ni nawa na Jarwal, abin da ya gagara mu ƙarasa da hannu.

Na tambaye ta dalilin da take cin abinci ita kaɗai. Ta ce wata daga cikin matan ce ta gane fuskarta, ta faɗa wa sauran cewa 'yar silima ce.

"Na ce mata, to ke Hajiya, me ya kai ki gidan silima har kika gane ni? Tun ranar ba ta amsa sallamata," in ji ta.

Ni ban san silima ba, babu ita a Makka. Ta kwatanta mini cewa inuwar mutane ce ake haskawa a farin kyalle, suna tafiya suna magana, jama'a na zaune a duhu suna kallo. Na ce a'uzu billahi. Ta ce haka uwarta ma ta ce.

Kaɗan kaɗan, ina wanki tana tsince shinkafa, na ji tarihinta. A bakin teku aka haife ta, gidan Musulmi talakawa. Mijinta ya fita da kwalekwale bai dawo ba, ya bar ta da jaririya. Tana da murya, tana yi wa mata waƙa a gidan biki, har wani mai ƙungiyar wasan kwaikwayo ya ji ta ta bayan katanga. Ta bar yarinyar wurin wanta ta bi su, gari gari, a keken shanu da jirgin ƙasa. Suka sa mata wani suna da ba na Musulmi ba don kada danginta su ji kunya. Wannan sunan ba ta taɓa faɗa mini ba, ta ce ta baro shi a bakin jirgin ruwa. Ni kuma na ji nauyin in matsa.

Da silima ta fara magana sai aka shiga neman masu iya waƙa, aka kai ta birnin Madaras. Ta yi wasa da harshensu na Malibar, ta yi da harshen Tamil na mutanen Madaras. Ta ce a lokacin da bakinka za ka rera, makaɗa suna laɓe a bayan itace suna binka a tsugune duk inda ka taka, in ɗaya ya yi tari a sake daga farko. Fitilun kuwa zafinsu ya fi na Arfa da azahar, kwalliya tana narkewa tana shiga ido. Ɗaya daga cikinsu ce ta faɗo ta yi mata tabon gira. Shekaru kaɗan ta yi tana fitowa a amarya. Sai aka zo da dabarar da wata za ta rera a ɓoye, kyakkyawar yarinya tana motsa baki kawai.

"Ban cika arba'in ba suka shafa mini farin gari a kai," in ji ta. "Na zama uwar wani ƙato da ya girme ni. Aikina in yi kuka, in yi masa addu'a, in mutu. Ya binti, na mutu ya fi sau goma. In tawa ta zo kada ki damu, na iya."

Har ta kwatanta mini a kan tabarma. Ta langaɓar da kai, ta saki hannu, idonta ya kafe. Na yar da sabulu na yi kanta ina salati, sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ruwanki yana zuba."

Maganar 'yarta ce kaɗai ba ta yi da wasa. Ita ta yi mata kayan ɗaki tun daga tabarma har tukunya, amma dangin ango suka ce kada ta zo. Ta bayan tagar maƙwabta ta ga fitar amarya. Bayan shekaru 'yar ta aiko mata da saƙo a ɓoye sau ɗaya tak, ta sanar da ita inda suka koma. Ba ta je ba, don kada ta kashe mata aure. Da aikin ya ƙare mata gaba ɗaya ta sayar da 'yan awarwaronta ta hau jirgin alhazai, da niyyar ba za ta koma ba.

Mutanen Indiya suna da al'adar jiƙa likkafaninsu da Zamzam su shanya a harabar Harami. Ranar da Hajiya za ta jiƙa nata, ni na raka ta. Na ga yadin ya yi yawa ga mace guntuwa kamarta, sai ta yaga shi biyu, ta ce rabi nata rabi na 'yarta. Da muka dawo ta jawo wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin matashinta. A ciki akwai hotuna masu yawa: ga ta da furanni a ka, ga ta da farin gashi tana rungume da wani, ga wata matashiya da jariri a cinya, wadda ta sumbata ta ce 'yarta ce. Akwai kuma wata takarda a ninke. Ta cusa rabin likkafanin a kai ta rufe.

"In na mutu ki ba wani alhajin Madaras mai komawa. Hanyar gidanta tana ciki. A ce mata uwarta a Makka ta cika, ba a gidan wasa ba."

Na ce na karɓa. Ban tambaye ta ina hanyar take a ciki ba, don na ga takarda a ninke, na ɗauka ita ce.

Bayan Hajjin shekarar zazzaɓi ya kwantar da ita. Matan rubaɗin suna leƙowa daga bakin ƙofa, ni da Gwaggo muke jinya. Ta shiga gargara, kwana ɗaya, kwana biyu, rai ya ƙi fita. Ranar ta uku da hantsi Gwaggo tana gyara mata matashi ta ci karo da gwangwanin, ta buɗe.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, kin san da wannan a ƙarƙashin kanta?"

"Na sani, Gwaggo. Amana ce."

"Amanar me? Mala'ikun rahama suna tsaye a waje kwana uku, kin tare musu ƙofa da gumaka, baiwar Allah tana wahala!"

Mu haka muka taso da sani, mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. A gidanmu ko gwangwanin shayi aka saya da surar mutum sai an kankare fuskar da wuƙa. Gwaggo cewa ta yi kawai in fitar da su daga ɗakin, wannan dole in faɗa don kada in ɗora mata abin da ba ta yi ba. Na fito da su tsakar gida. Sai na ce a raina, ai tsakar gida ma gida ne. In na kai gidanmu, na kore mala'iku daga kan 'ya'yana. In na ba wani ajiya, na ɗora masa zunubi. In kuma muɗawwa'ai, 'yan hisbar nan masu sanda, suka tare ni a hanya da hotunan mata ba lulluɓi, me zan ce? Ina wannan lissafi ina jin numfashinta daga ɗaki kamar ana jan zarto. Wuta tana ci a ƙarƙashin tukunyar wankina. Na zuba su duka.

Suna cikin murɗewa na ga a bayan hoton 'yar akwai wasu zane zane masu zagaye, kamar an jera ƙananan zobba. Ban san rubutu ba sai na Larabci. Na ɗauka adon mai hoto ne.

Na mayar da gwangwanin ƙarƙashin matashinta, da likkafanin da takardar. Wajen azahar ta farfaɗo kaɗan, ta lalubo shi da hannu, ta dube ni.

"Amana?"

"Tana nan, Hajiya."

Ta yi murmushi. Bayan la'asar ta cika, da kalmar shahada a bakinta, a hankali, ba irin yadda ta kwatanta mini a tabarma ba. Ni da Gwaggo muka wanke ta. Matar da ta gane ta ce ta zo ta riƙe mana buta, tana kuka. Aka yi mata salla a Harami aka kai ta Ma'ala. A ranar har daɗi na ji, ina ganin na buɗe mata ƙofa.

Sai da Hajji ya zagayo na san abin da na yi. Wani Bamalibare mai bakala, wato ƙaramin kanti, a Misfala, inda nake sayen sabulu, ya samo mini wani dattijon alhaji na Madaras mai shirin komawa. Na miƙa gwangwanin. Dattijon ya warware takardar, ya juya ta, ya yi magana da mai bakala.

"Ya ce wannan takardar allurar shiga jirgi ce," in ji mai bakala. "Sunanta ne kawai da hatimi. Ina adireshin?"

Na ce ba wata takarda. Ya ce ko akwai wani abu da aka cire? Na faɗa masa. Na kwatanta masa zobban da yatsa a kan buhun shinkafa. Mai bakala ya ɗauki fensir ya yi irinsu a takardar awo.

"Irin wannan, ya ukhti?"

"Irinsa."

"Rubutunmu ke nan."

Na zauna a ƙasa a gaban bakalar, cikin mutane. Mai bakala, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana tambayar alhazan ƙasarsu. Ba wanda ya san 'yar wasa da sunan da ke takardar, don ba da shi ta yi wasa ba. Muɗawwifi, wato jagoran alhazan da ya sauke ta, bai rubuta komai ba sai Madaras. Matar da ta gane ta kuwa, wadda ita kaɗai ta san ɗaya sunan, danginta sun zo sun tafi da ita a wannan Hajjin, kwana kaɗan kafin in je nemanta.

Har yau ban san hukuncin ƙona hotunan ba, malamai sun saɓa mini. Abin da na sani shi ne ta tambaye ni da bakin mutuwa na ce tana nan, alhali rabinta toka ne. Kuma akwai wata mata a can da wataƙila ta tsufa ta mutu tana zaton uwarta ta manta da ita.

Gwangwanin yana cikin akwatina. Likkafanin ya yi ja saboda daɗewa, ban taɓa wanke shi ba don kada in fitar masa da Zamzam.

Yanzu 'ya'yanmu suna zuwa Indiya karatu da neman magani, wasu suna aiki da Malibarawa a shaguna a nan Zahir da Ka'akiyya. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya tambayar mini tsofaffinsu, musamman masu son silimar da. Gajeriya ce, tana da tabo a girar hagu da wushirya, da hagu take ɗinki. Ta fara da waƙa da bakinta, ta ƙare da fitowa a uwa, da harshen Malibar da na Tamil, sannan aka daina ganinta. Sunan wasanta nake nema, ko garin da 'yarta ta zauna, ko wani jika da ya taɓa jin cewa kakarsa ta tafi Hajji ba ta dawo ba. Wanda ya san wani abu, ko kaɗan ne, ko bai tabbata ba, ya sanar da waɗanda suka buga wannan rubutu, sun san inda nake. In hoto ne ma a kawo, zan duba, zan gane ta.