Saude da Sunan 'Yar Farinta

Saude matar Lauwali mai gyaran injin ban-ruwa ba mace ce mai tsoron magana ba. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu a nan Kazaure, kuma na sha jin ta tana ciniki da mai itace har bawan Allah ya gaji da rantsuwa, ya sauke kayansa ya tafi yana ƙunƙuni. A wata ruga ta wajen Gwiwa aka haife ta. Kawunta ne ya ɗauko ta tana ƙarama ya kai ta Roni, ya sa ta a boko har ta gama sakandare. Kanta yana ja, musamman a lissafi.

Kalma ɗaya ce ba ta taɓa fita daga bakinta ba: sunan 'yarta ta fari. Halimatussa'adiyya aka raɗa wa yarinyar, kowa yana ce mata Sadiyya, ban da uwar. Mu a cikin gari kunyar ɗan fari ta yi sauƙi, sai dai tsofaffi. A gidansu Lauwali kuwa tana nan da ranta. Tun da aka yaye Sadiyya take kwana a ɗakin kakarta, Inna Tasalla, uwar Lauwali. Saude ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata magana kai tsaye. In ta kama dole sai ta ce "'yar Inna". In tuwo za ta ba ta, sai ta ajiye kwanon ta ce wa iska, "Ga abinci nan." Inna Tasalla tana alfahari da hakan. Ta sha faɗa mini cewa surukarta ta yi boko amma boko bai cinye mata kunya ba.

Bara ne Malama Nafisat, wadda ta bar aikin koyarwa ta zauna a gida, ta zo da shawarar karatun zagaye. Makarantar da yaranmu suke zuwa tana ƙetaren babban titi, ajin kuma ya cika ya batse, yaro sai ya shekara biyu bai iya rubuta sunansa ba. Ta ce mu haɗu, mu gidajen unguwa, mu koyar da 'ya'yanmu da kanmu. Kowace rana gida ɗaya ne zai karɓi yaran. Da sassafe malam ya biya musu Alƙur'ani, in hantsi ya yi uwar gidan ta koyar da abin da ta iya. Sharaɗin ɗaya ne, kuma Malama ta maimaita shi: wadda ba ta ba da ranarta ba, 'ya'yanta ba za su zauna a tabarmar kowa ba.

Saude ce ta fara amsawa. Ita ta lallashi Lauwali ya cire Sadiyya da ƙannenta daga waccan makaranta. Aka ba ta lissafi, domin duk cikinmu babu mai iya tunkararsa. Ni dai in aka wuce sau biyar sai na nemi yatsun ƙafa. Aka ba ta Laraba, aka ce ni zan riƙa zama da ita ina riƙe jarirai ina hana faɗa. Duk cikinmu, har ita kanta, babu wadda ta tsaya ta yi tunanin wa zai zauna a kan tabarmar nan.

Larabar farko aka jingina allo a gindin darbejiyar tsakar gida. Inna Tasalla ta fito da kujerarta ƙofar ɗaki, ta ɗora faifan gyaɗa a cinya tana ɓarewa. Saude ta koyar, kuma wallahi ta iya. Ta tara duwatsu ta raba su gida-gida, yara suna dariya suna ganewa. Da aka zo tambaya sai ta riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya: Musaddiƙ, Zulaikha, Babagana. Sadiyya, mai shekara tara, tana can gefe hannunta a sama tun daga tambayar farko. Idon Saude ya zo kanta ya tsallake kamar an tsallake kwata.

Na ɗauka abin na rana ɗaya ne. Ashe haka za a yi ta yi. Saude ta gwada dabaru iri-iri. Takan kalli bango ta ce, "Wani ya faɗa mana," amma kafin Sadiyya ta buɗe baki masu bakin tsiya sun riga ta. Takan ce wa Zulaikha, "Duba wa ta kusa da ke," sai makaho ya ja makaho su faɗa rami tare. A gidana ran Litinin Sadiyya ce ta fi kowa karatun Hausa, ran Laraba kuwa a gidan ubanta ta zama baƙuwa. A hankali hannun ya daina tashi. Daga baya ciwon ciki ya fara kama ta, kuma ciwon ya san kwanakin mako, ba ya zuwa sai Laraba.

Yara ba su da linzami a baki. Da kunnena na ji Babagana yana ce mata, "Ke mamanku ba ta son ki ne?" Na kai masa ranƙwashi, amma maganar ta riga ta shiga.

Malama Nafisat ta same mu a ɗakin Saude, ta kira ta da sunan ɗanta na biyu, ta ce, "Maman Zaharadeen, yarinyar nan an bar ta a baya. Amana ce a wuyanki kamar sauran. Ki kira ta."

Saude ta ce, "Malama, a gaban Inna?"

"To ki bar ranar, mu nemi wata."

"In na bar ranar, ina za su zauna? Kin ce wadda ba ta koyar ba..."

Malama da kanta ce ta kafa dokar, kuma ta riga ta sallami gida ɗaya a kanta. Waccan makarantar kuwa an yi nisa da zango, Lauwali ya ce ba zai koma yana roƙon a mayar da yaran da ya cire da hannunsa ba. Aka ce a tura Sadiyya wani gida ran Laraba, sai aka tuna babu mai lissafi sai uwarta. Na ce a mayar da ajin gidana, nesa da idon tsohuwa. Inna Tasalla ta ce ai ba ta san an fara korar ta daga tsakar gidanta ba, maganar ta mutu a nan.

Ni haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Bayan Malama ta fita na ce, "Saude, ke da kike sa mai itace kuka, suna ɗaya ya gagare ki?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ce, "Shatu, ba Inna kaɗai ba ce. Ko ba ta nan, in na ɗauko shi sai ya tsaya mini a nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Ni ma 'yar fari ce. Har Allah ya karɓi ran mahaifiyata ban ji yadda sunana yake a bakinta ba. Na san abin da yarinyar nan take ji. Na fi kowa sani."

Ban sake tsokanarta ba. Tausayinta ya kama ni, har na ji kunyar bakina.

Wata Laraba bayan an yi girbin gero, Inna Tasalla da kanta ta fito da Sadiyya daga ɗaki, ta ce ciwon cikin nan ya isa haka. Yarinyar ta zauna can baya kusa da zaure, tana zane a ƙasa da tsinke. Saude ta rubuta lissafin rabawa a allo. Ta juyo. Ta ajiye allin. Inna tana nan da faifanta.

Ta ce, "Sadiyya."

A hankali ta faɗa, amma an ji. Hannun Inna ya tsaya a cikin gyaɗa. Yarinyar ta ɗago kai, ta waiwaya wajen zaure tana neman wanda ya kira ta. Ta leƙa, ba ta ga kowa ba. Ta dubi katangar gidanmu. Ko sau ɗaya ba ta dubi wajen allo ba, domin ba ta san sunanta da wannan murya ba.

Inna Tasalla ta tashi da faifanta ta shiga ɗaki ta saki labule. Saude ta tsaya bakinta a buɗe. Ƙarfin da ta tara na kira ɗaya ne, kuma ya ƙare. Ta ce, "Musaddiƙ, zo ka yi mana."

Da aka tashi, ina goya jaririn wata, sai Sadiyya ta ja mini zane ta ce, "Gwaggo Shatu, ke kika kira ni ɗazu?"

Na ce, "Ba ni ba ce."

Ta dube ni, ta dubi sauran yaran da suke fita, sannan ta juya a hankali wajen darbejiya. Uwarta ta ba mu baya tana goge allo, allon da ta riga ta goge tas.

Har yau Saude tana koyar da lissafi ran Laraba, Inna Tasalla tana ƙofar ɗakinta, kuma sunan bai sake fitowa ba. Ciwon cikin dai ya warke. Sadiyya takan riga kowa shimfiɗa tabarma, ta zauna a gaba daf da allo, inda ko raɗa aka yi za ta ji. Hannunta yana sama tun daga tambayar farko.