Kawu Sule da Ƙafarsa ta Agege

Duk wanda ya san Kawu Sule mahauci a Agege ya san tambayarsa. Ka miƙa masa abu, ko kofin shayinsa ne, sai ya jujjuya shi ya dube ka: "Shi ne, ko wani ne?" Ni ɗan ƙanwarsa ne, gidansa na sauka da na zo Legas, don haka na sha tambayar nan har ta ishe ni. Mu dariya muke yi. Shi kuwa wallahi tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Kun tuna danfon nan, motar hayar da ke kai mu mayanka? An sake mata inji, an sake ƙofa, aka sake kujeru da fenti. Ranar da aka sa sabon gilashi, Kawu ya ja ya tsaya a bakin titi.

Na ce, "Kawu, shiga mana, motarmu ce."

"Wace motar taku? Waccan ta mutu a hannun bakanike. Wannan lambarta kawai ta ɗauka. Ni ba na shiga abin da ban san asalinsa ba."

Sai ya tare wani ɗan okada da bai taɓa gani ba a duniya, ya haye abinsa.

Ɗansa Nura, mai karatun aikin jinya, shi ya ƙara dagula lamarin. Muna cin tuwo ya ce ai naman jikin mutum sauyawa yake yi, tsoho ya tafi sabo ya zo. Kawu ya ajiye loma.

"Duka?"

"Kusan duka, Baba."

"To wa ya auri uwarka?"

Inna Hajara, matarsa, ta amsa daga kicin: "Ko ma wane ne, ya fi ka sakin fuska."

Muka kwashe da dariya, ban da shi. Ya zura wa hannayensa ido. Ya ce da ni, "Ni mahauci ne. Kullum ina ganin naman sa ya shiga cikin mutum ya zama mutum. Ranar tashi, wanne za a tayar a ce ni ne?"

Daga baya ciwon suga ya ci ƙafarsa, likitoci suka yanke ta. Aka naɗe ta a farin ƙyalle, muka binne a maƙabartarmu ta nan, muka kafa dutse. 'Ya'yansa suka matsa ya koma Zariya ya huta. Ya ce ko da wasa. Har liman aka ɗauko masa.

"Malam Sule, Allah da ya halicce ka zai tattara ka ko ina kake."

"Na sani, Malam. Ba ikon Allah nake shakka ba, Legas nake tsoro. Ina juya baya za su gina shaguna a kaina."

Duk Juma'a sai na kai shi wurin dutsen nan a keke. Ya dogara sanda ya ce, "Salamu alaikum, Sule. Yi haƙuri, saura na nan tafe." Masu ziyara su watse. Wata rana ya damƙe hannuna ya ce, "Ina tsoron in tashi rabi yana neman rabi. Kada ka bari a raba ni." Ranar ban yi dariya ba.

A Agege ya cika. Na tsaya kan mai haƙan kabari har ya haƙa daidai gefen dutsen. Da muka sa shi, sai na ji tambayarsa a kunnena, na sunkuya na ce, "Shi ne, Kawu. Kai ne, duka."

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya cire masa tsoro, ya tashe shi cikakke a kan ƙafafunsa biyu. Amin.